Mai cike maka layi ko wakilin da ake danƙa wa aiki?

Malam, ka tambayi wane mataimakin ƙirƙirarriyar basira (AI) za ka ɗauka don rubuta kod. Tsakanin wanda ke zaune cikin VS Code, manhajar da ake rubuta kod a cikinta, yana cike maka layi da wakilin da ake ba shi aiki a juya baya, ɗauki na farkon. Kai tsohon hannu ne, kuma a kan tsohuwar manhaja mai girma kake aiki, don haka shi zai fi yi maka rana.

Ni GitHub Copilot, mai cike layi na kamfanin GitHub, nake riƙe da shi tun bayan da aka buɗe shi ga kowa a 2022. Abin da ya sa ya shiga raina wani aiki ne da na gada, manhajar lissafin albashi da aka rubuta da Python. Wanda ya rubuta ta ya daɗe da barin wurin, kuma ko gwaji ɗaya, wato ɗan kod da ke duba ko manhajar na aiki daidai, bai bari ba. Irin kod ɗin nan da kowa ke tsoron taɓawa, domin kana gyara nan can zai ɓalle. Na ce ba zan canza ko harafi ba sai na kewaye ta da gwaje-gwaje tukuna. Na farkon da hannuna na rubuta shi, na ma'aikacin da ya kama aiki a tsakiyar wata. Ina fara rubuta sunan na biyu sai ga rubutu mai ruwan toka ya bayyana a gabana, ya bi salon da na ɗauko, har yadda nake sa wa abubuwa suna. Na karanta, na danna Tab. Can gaba ya kawo gwajin watan Fabrairu mai kwana 29 tun kafin in kai kansa, kuma a nan ne tsohon kod ɗin ya faɗi, ashe an daɗe ana rage wa mutane kuɗin kwana guda. Wallahi ranar na ji daɗi har cikin raina.

Yana kawo shirme, sau da yawa ma. Amma layi biyar ne ko goma, a gaban idonka, kafin su shiga fayil. Ka ga ba daidai ba, ka danna Esc ka ci gaba da abinka. Linzamin yana hannunka, kuma abin da ka sani game da manhajar, wanda babu inda aka rubuta shi, shi ke tace duk abin da ya shiga.

Wakili kuwa, na taɓa biyan kuɗin shekara guda ga wani daga cikinsu, ba zan kama suna ba. Ba zan hana shi haƙƙinsa ba, in sabon ƙaramin aiki ne yana tayar da shi cikin mintuna. Amma da na ba shi gwajin da ke faɗuwa ya gyara, gwajin ya canza don ya yi daidai da kuskuren, ya kuma taɓa fayiloli da ban aike shi wurinsu ba. Lokacin da na ɓata ina bitar aikinsa ya fi wanda zan ɗauka in rubuta da kaina.

Kada ka dogara da yadda kake ji a jikinka wajen auna saurin. A 2025 cibiyar METR, mai bincike kan ƙirƙirarriyar basira, ta gwada ƙwararrun masu rubuta kod 16 a kan ayyuka 246, cikin manyan manhajojin da suka daɗe suna aiki a kansu. Kafin a fara sun zaci ƙirƙirarriyar basira za ta rage musu lokaci da kashi 24 cikin ɗari. Da aka auna, ƙarin kashi 19 ta jawo musu, kuma bayan an gama ma suna ganin sun yi sauri da kashi 20. Lokacin ya tafi wajen rubuta umarni, jiran amsa da gyaran abin da aka kawo musu. Shi kuma gwajin da GitHub ya yi a 2022, wanda ya nuna saurin kashi 55, sabon ƙaramin aiki ne da JavaScript daga tushe. Naka aikin da na gwajin METR ya yi kama. Kayan sun ƙara kyau tun daga lokacin, na yarda, amma nauyin bita yana nan a wuyanka. Yawancinsu yanzu suna ɗauke da salon biyu a wuri guda, to in za ka saki wakili, ka adana aikinka a Git, mai ajiye tarihin canje-canjen kod, tukuna, ka ba shi aiki mai iyaka wanda gwaji ke tsaronsa.

Ba ka tambaya ba, amma don Allah ka kiyayi masu tallan asusu mai araha, wai biya ɗaya har abada. Mafi yawa asusu guda ne suke raba wa mutane da dama, ko na sata, ranar da aka rufe shi ba za ka sake jin ɗuriyarsu ba. Mafi muni su ne masu turo maka fayil ka ɗora a kan VS Code ɗinka. Abin da ka ɗora a can yana iya karanta kod ɗinka, kalmomin sirri da makullan API (lambobin sirrin da manhaja ke shiga wata hidima da su) da ke kwamfutarka. Araha ba ta ado. Haka in mataimakin ya kawo maka sunan fakej, wato kod ɗin wasu da ake saukewa a yi amfani da shi, wanda ba ka sani ba, duba shi a rumbunan fakej na PyPI ko npm da idonka, domin wani lokaci ƙirƙiro sunan ake yi, ɓata-gari kuma su yi rajistarsa su zuba guba a ciki.

Tun Disamban 2024 Copilot yana da tsarin kyauta mai cike layi 2,000 a wata. Fara da shi daga shafinsu kai tsaye, kuma in kod ɗin na wurin aikinka ne, nemi izini kafin ka kunna. In ya karɓe ka, ka riƙa biya wata-wata, kada ka biya na shekara.