Digiri na Biyu a Fiziyoloji da Nazarin Cututtuka: Ra'ayin Tsohon Ɗalibi

Na yi digiri na biyu a fannin fiziyoloji, wato ilimin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki, a wata jami'ar gwamnatin tarayya, kuma abin da ya fi gamsar da ni shi ne haɗin gwiwar sashenmu da ɗakin binciken cututtuka na asibitin koyarwa. A can ɗalibi zai ga yadda ake jiƙa ƙodar ɓera a ruwan fomalin mai hana ruɓewa, a daskarar da ita cikin kakin farafin, a yanka ta siriri ƙwarai, sannan a rina ta da hematoksilin da iyosin, har ɓarnar da ciwon sukari ya yi mata ta bayyana ƙarara a madubin likita. Malaman sun san aikinsu, kuma suna da haƙurin koyarwa.

Sai dai ɗalibi ne ke sayen ɓeraye da yawancin sinadarai daga aljihunsa, ɗaukewar wuta tana lalata jinin gwaji a firij, yajin aikin malamai na 2022 kuwa ya cinye mana wata takwas. Mai sha'awar bincike ya nema, amma ya tanadi kuɗin gwaji tun kafin ya karɓi gurbi.