Kamfanin Dillancin Masu Jawabi: Abin da Muka Samu a Taron Dilolinmu na Kano

A watan Janairun 2024 kamfaninmu, wanda ke rarraba kayan masarufi a Kano da jihohin da ke kewaye da ita, ya shirya taron shekara-shekara na dilolinsa, kuma a karon farko shugabanninmu suka yanke shawarar a ɗauko babban mai jawabi daga waje, maimakon a bar manajan darakta ya yi bayani shi kaɗai kamar yadda aka saba. Ni aka ɗora wa wannan aiki. Dalilin shawarar ba ɓoyayye ba ne, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki Naira kasuwa ta yi mata farashi, dilolinmu suka shiga halin da mutum zai sayar da katan ɗin taliya da safe, da yamma kuma kuɗin da ya karɓa ba za su mayar masa da wannan katan ɗin ba. Muna neman wanda zai yi musu magana a kan bayar da kaya bashi da kiyaye jari a irin wannan lokaci, ba wanda zai zo ya zuga su su tafa ba.

Sana'ar dillancin masu jawabi ta daɗe a Amurka, inda kamfani irin Harry Walker yake aiki tun 1946, har tsofaffin shugabannin ƙasa irin su Bill Clinton ta hannunsa ake gayyatarsu. A nan gida kuwa sana'ar sabuwa ce, kuma kamfanonin da ke yin ta mafi yawansu a Legas suke. Ɗaya daga cikinsu muka yi hulɗa da shi. Aikinsu shi ne su kawo maka jerin sunaye, su daidaita farashi, su rubuta yarjejeniya, su tsara tafiya da masauki, su kuma ɗauki la'adarsu daga cikin kuɗin da aka biya mai jawabin.

Jerin farko da suka aiko mana bai yi mini daɗi ba, kuma a nan ne na fara ganin rauninsu. Sunaye ne na mutanen da ake yawan gani a talabijin da Instagram, kowanne da bidiyonsa a gaban ma'aikatan banki masu kwat da wando, amma babu ko ɗaya da alamar ya taɓa bin bashin tirelar sukari. Fom ɗin da suka ba mu mu cika ya tambayi yawan mahalarta da girman zaure da kasafin kuɗinmu, amma bai tambayi harshen da mahalartan suke ji ba. Mutanenmu kuwa 'yan Kasuwar Singa ne da Dawanau da Sabon Gari, da wasu daga Katsina da Haɗeja, har da abokan ciniki biyu da suka tsallako daga Maraɗi, waɗanda in ba Hausa ba sai Faransanci. Da yawansu suna juya miliyoyi a mako, amma jawabin awa guda da Turanci zai wuce su ne kamar iska. Kamfanin da ke karɓar aiki daga Arewa ya kamata wannan ta zama tambayarsa ta farko, kuma har yau ina ganin rashin yin ta babban sakaci ne.

Sai dai, a faɗi gaskiya, da na kira jami'ar da ke kula da aikinmu na yi mata bayani dalla-dalla, ba ta tsaya kare jerin nata ba. Cikin kwana uku ta dawo da wasu sunaye uku, a cikinsu akwai wani dattijo da ya shafe shekaru yana shugabantar sashen tallace-tallace na wani babban kamfanin kayan abinci, ya kuma taɓa zama a Kaduna har yana jin Hausa gwargwado, ko da yake ba ta kai ya yi jawabi da ita ba. Shi muka zaɓa, muka kuma nemo tafinta da kanmu, wani ma'aikacin gidan rediyo da ya saba fassara labaran kasuwanci.

Abin da ya fi komai daraja a cikin hidimar tasu shi ne ganawar da suka haɗa mana da mai jawabin ta bidiyo, mako biyu kafin taro. Ya fi minti arba'in yana tambaya, mu muna amsawa: kwana nawa muke ba dila kafin ya biya, wane kaya ne ya fi daɗewa a sito, wa ke ɗaukar asara idan farashi ya sauka bayan an yi lodi. A nan ne kuma muka gyara lokacin jawabi, wanda kamfanin ya sa ƙarfe ɗaya da rabi na rana bisa tsarin da suka saba da shi, ba tare da lura da cewa a wannan lokaci zauren zai watse a tafi sallar Azahar ba. Muka mayar da shi ƙarfe goma sha ɗaya na safe.

A harkar tafiya kuwa sun nuna sun san aikinsu. Su suka dage cewa ya iso kwana guda kafin taro, saboda hazon hunturu yakan hana jirage sauka a filin jirgin saman Malam Aminu Kano, ko ya sa a yi ta jinkiri. Mun yi ƙorafin ƙarin kuɗin otal, amma wannan kwana ɗaya shi ya zama ribar duk abin da muka kashe. Da La'asar baƙon ya nemi a kai shi Kasuwar Singa. Na tsaya kusa da shi a ƙofar shagon wani dilanmu, 'yan dako suna ta sauke buhunan sukari daga tirela, shi kuwa ya zauna a kan benci ya roƙi Alhaji ya nuna masa littafin bashinsa. Alhaji ya ɗan yi jim, sannan ya jawo wani littafi mai baƙin bango da aka ɗaure da roba, suka duƙufa a kai suna bin sunaye da yatsa, baƙon yana tambaya da gurɓatacciyar Hausarsa, Alhaji yana amsawa da "Yallaɓai" a kowace gaɓa. Washegari da wannan littafi ya buɗe jawabinsa, ba tare da ya ambaci mai shi ba, ya nuna yadda bashin da ya kai wata guda a hannun mutum yake cinye riba idan farashi yana tashi kowane mako, ko da kuwa an biya shi cif. Ya kawo shawarar rage wa'adin bashi, da ware kuɗin mayar da kaya kafin a lissafa riba, da rubuta farashin sayen yau a gefen farashin sayarwa. Na ga dattawan da ba su taɓa rubuta komai a taronmu ba suna neman biro daga yaransu.

Jawabi da tafinta yana cin lokaci ninki biyu, kuma wannan ma babu wanda ya faɗa mana a kamfanin. Mintuna arba'in da biyar da aka rubuta a yarjejeniya sun zama awa ɗaya da rabi, lokacin tambayoyi ya ragu, hannaye da yawa suna sama aka rufe. Mai jawabin bai nemi ƙarin ko kwabo ba, ya kuma tsaya bayan sallah yana amsa tambayoyin waɗanda suka kewaye shi, amma wannan karamcinsa ne, ba tsarin kamfanin ba.

Yarjejeniyar tana buƙatar karatu da natsuwa. Farashin da aka faɗa mana a waya bai haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 ba, bai kuma haɗa da tikitin jirgi da masauki ba, sai a takardar biya muka gan su. An kuma yi 'yar taƙaddama a kan harajin da doka ta wajabta wa mai biya ya cire daga kuɗin aiki ya miƙa wa hukuma, domin su suna son kuɗinsu cikakke, akantanmu kuma ya ƙi, har sai da muka yi alkawarin ba su takardar shaidar cirewa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sharaɗin ɗaukar bidiyo. Mun so mu tura jawabin gaba ɗaya ta WhatsApp ga dilolin da ba su samu zuwa ba, sai muka tarar yarjejeniya ta yarda da ɗan gajeren yanki kawai, sauran kuma sai an sake biya. Sharaɗin yana nan a rubuce, laifin rashin lura nawa ne, amma jami'ar da ta san manufar taronmu ya dace ta ja hankalina kafin a sa hannu.

Zan sake aiki da su, musamman saboda yarjejeniyarsu ta tanadi maye gurbi ko mayar da kuɗi idan mai jawabi ya fasa zuwa, kariyar da ba ka samu idan ta hannun aboki ka gayyato mutum. Amma kamfanin da masu sauraronsa 'yan kasuwar Arewa ne, kada ya dogara da jerin farko da za a aiko masa, ya kuma sa batun harshe da lokacin sallah da haƙƙin bidiyo a cikin wasiƙarsa ta farko. A taro mai zuwa na riga na shaida musu cewa muna son wanda zai yi jawabin da Hausa daga farko har ƙarshe, kuma a rubuta ziyarar kasuwa a cikin yarjejeniya.