Gidan waya ko direban tasha? Ni dai tasha nake kai kayan Legas

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na ga tambayarki a kan ko ta gidan waya ko ta hannun direban tasha za ki tura kayan lefe Legas. Allah ya mayar miki da mafi alheri a kan saƙon da yayanki ya turo daga Ingila ya yi ɓatan dabo, zan dawo kansa a ƙasa don ƙila akwai abin da za a iya yi. Amma kayan lefen nan da za ki tura Legas, in dai shawarata za ki ɗauka, ki kai tasha ki ba direba ki bar maganar gidan waya. Sai dai tashar ma akwai yadda ake shigarta, ba kowa za ki miƙa wa buhu ba.

Ni sana'ata kenan, atamfa da leshi da shadda nake sarowa a Kantin Kwari nan Kano ina tura wa kastomomina na Agege da Idi-Araba da Mile 12, kuma kafin in ba kowa kaya abu ɗaya nake tambayar kaina: in kayan nan bai isa ba, wa zan je in samu, a ina yake zama, kuma akwai wanda yake jin maganarsa? A tasha wannan tambayar tana da amsa. Direba yana da lambar mota, yana da layin da yake bi kafin ya yi lodi, yana da ciyaman ɗin yuniyan da in ya ce motar nan ba za ta tashi ba to ba za ta tashi ba, kin ga abincinsa da na iyalinsa a cikin tashar nan yake, ba zai so sunansa ya ɓaci saboda buhunki ɗaya ba.

Gab da wata ƙaramar sallah na tura kayan wata amarya buhu biyu, ɗaya ya isa ɗaya babu, uwar amarya ta kira ni muryarta har rawa take don leshin fitar biki duk a cikin wanda ya ɓata yake. Na ɗauki webil ɗina, wato takardar shaidar kayan da aka ba ni a tasha, na nufi ofishin tashar hankalina a tashe. Wani dattijo ne yake rubuta kaya a wurin, ya ce Hajiya zauna tukuna, ya sa aka kawo mini ruwa, ya jawo ƙaton littafinsa ya bi ranar da yatsa har ya kai kan sunana, ga lambar mota ga lambar direba ga adadin turmin da muka ƙirga tare. A gabana ya kira direban ya sa a sifika. Ashe yaron mota ne ya sauke buhun a Ibadan tare da kayan wani fasinja, duhu ne kuma buhunan iri ɗaya ne. Direban nan ko musu bai yi ba, cewa ya yi Hajiya amana kika ba ni, in bai fito ba ni zan biya ko da zan sayar da tayar motata. Dattijon ya kira mutanensu na can Ibadan, suka bi sahu har suka samu mai kayan, shi ma bawan Allah ya ajiye buhun a shagonsa yana cigiya, ko salatif ɗin da na naɗe bakin buhun da shi ba a taɓa ba. Direban ya biya ta Ibadan ya ɗauko ya kai Agege da kansa, na tura masa ɗan abin goro ya dawo mini da shi ya ce laifin yaronsa ne. Tun daga nan in dai yana kan layi shi nake jira, ko da wata motar za ta riga shi tashi.

To amma ki lura, abin da ya cece ni rubutun nan ne na cikin littafi. Don haka in kin je, ko New Road ta Sabon Gari inda manyan motocin dare suke tashi ko wata tashar da take da motar unguwar mai karɓa, kada ki tsaya da yaran da za su tare ki a bakin get suna Hajiya Legas ne, kawo mu sa miki. Wasunsu 'yan kamasho ne na gaske, wasu kuwa ko a tashar ba a san su ba. Ki wuce ciki har ofis, ki buɗe kayan a gaban mai rubutu ku ƙirga, a rubuta turmi nawa ne da kuɗinsu a jikin webil ɗin, kada ki yarda a rubuta "kaya buhu ɗaya" kawai, don ranar da rigima ta tashi abin da ke takarda shi za a duba. Kuɗin ma a ofis za ki biya. Ki ɗauki hoton lambar motar da webil da shafin littafin, ki karɓi lambar direba ki kira ta a wurin ki ji ta yi ƙara a aljihunsa. Kayan ki sa su a babbar leda kafin buhu saboda ruwan sama, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce kuma can kudu ruwa ba ya sallama, ki naɗe bakin da salatif ki ja layi da alƙalamin maka a kai yadda in an farke za a gane. A jikin buhun sunan mai karɓa da lambarsa kawai, kada ki rubuta leshi ko lefe. Kuma mai karɓa ya kasance a tasha lokacin da mota za ta shiga, yawancin kayan da ake sacewa a tasha bayan an sauke ne, sun kwana a ƙasa ba mai su.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye miki ba, kayan tasha ba su da inshora. In sakacin direba ne yuniyan za su tsaya miki, amma in hatsari ne ko fashi ko mota ta kama wuta, Allah ya kiyaye, sai dai a yi miki jaje a ce ƙaddara. Shi ya sa in kayan suna da tsada sosai nake raba su mota biyu. Gwal kuwa da tsabar kuɗi da fasfo da asalin satifiket, waɗannan ko direban nan nawa ba na ba shi, fasfo da satifiket su sai manyan kamfanonin aika saƙo irin su DHL ko GIG, a ba ki lambar bibiya, ki faɗi ainihin darajar abin ki biya inshorar, mai karɓa ya sa hannu. In akwai sarƙar gwal a lefen ki cire ta, ki ba wanda zai tafi biki ya riƙe a jikinsa.

Gidan waya kuwa, to, ba zan ce ba shi da amfani ba. NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya, tana da ofis a garuruwan da mota sai ranar kasuwa take shiga, kuma in ƙasar waje ne ta fi kamfanoni sauƙin kuɗi. Iyakarta kenan a wajena. Da kilo ake auna kaya, lefe kuwa nauyi gare shi, sannan kunshi sai ya bi hannu da yawa daga kanta zuwa wajen tantancewa zuwa mota zuwa ofishin can, ga matsalar adireshinmu, "bayan masallacin Juma'a gida mai jan get" ba abin da mai raba wasiƙa zai yi aiki da shi ba ne. In ya makara fom za ki cike ki jira a bincika, ranar biki kuwa an riga an sa ta. In dole sai ta nan, to rajista ko EMS, wato saƙon gaggawa na gidan waya, kawai, ki sa lambar wayar mai karɓa da lambar yankinsa mai alƙaluma shida, ki adana rasit.

Yanzu saƙonki na Ingila. Ki kira yayanki ya nemo rasit ɗin da aka ba shi ranar da ya aika, ya duba ko akwai wata lamba mai guda 13, haruffa biyu a farko, alƙaluma tara a tsakiya, haruffa biyu a ƙarshe, na Ingila da GB take ƙarewa, namu NG, na Chaina CN. In da R ta fara rajista ce, E kuma EMS ne, C kunshi ne. Da wannan lambar za ku ga inda saƙon ya tsaya, sau da yawa ba sace shi aka yi ba, yana hannun kwastam ko yana zaune a babban gidan waya na garinku ana jiran mai shi kuma takardar sanarwar ba ta iso ki ba, don haka ki je da ƙafarki da katin shaida da lambar a rubuce, mu nan Kano babban ofishin yana Post Office Road. In an duba babu, to shi yayan naki ne zai shigar da ƙorafi a can inda ya aika, don a tsarin ƙungiyar gidajen waya ta duniya, UPU, mai aikawa ne yake da haƙƙin neman diyya, kuma wata shida aka ba shi daga ranar aikawa, in ya wuce ba za su saurare shi ba, dan Allah kada ya yi sanya. Diyyar ma kada ki sa rai da yawa, ta saƙon rajista tana da iyakar da ba ta wucewa, ko da waya ce mai tsada a ciki, sai fa in ya yi wa kayan inshora. In kuwa wasiƙa ce ta kan sarki kawai ba rajista ba lamba, babu yadda za a bibiye ta, sai dai haƙuri, nan gaba ya ƙara kuɗi ya aiko da mai lamba.

Ba ki tambaya ba amma sai na faɗa, don abin yana ci mini rai. Da yawa daga cikin kayan da ake cewa sun ɓata a hanya ba a ma taɓa tura su ba. Akwai masu saida kaya a Instagram da WhatsApp da za ki biya su turo miki hoton webil, tsohon webil ne suka goge kwanan wata, lambar direban da ke jiki ta abokin cin mushensu ce, ki kira ya ce mota ta lalace a Lokoja, gobe ya ce kwastam sun tare su a ƙara dubu biyar, jibi waya a kashe, mai kayan kuma ta ce ai ita ta fita haƙƙinki laifin direba ne. Duk mai saida kayan da ta ƙi yi miki bidiyon kayanki a tasha da lambar mota, ko ta ƙi ba ki lambar ofishin tashar ki kira da kanki, ki riƙe kuɗinki. Haka ƙananan masu cewa su kamfanin kai saƙo ne alhali ba su da ofis sai shafi da babur ɗaya, wani irinsu ya taɓa karɓar mini turaren wuta da humra na kastoma, har yau ba shi ba kayan, shafin ma ya goge. Duk kamfanin aika saƙo na gaske sai da lasisin NIPOST yake aiki, ki tambaya a nuna miki, kuma ki ga ofishinsu da idonki. Sannan tunda kina cigiyar saƙo yanzu ki yi hattara, za ki iya ganin tes ko kira wai kunshinki ya iso ki tura kuɗin fito zuwa wani akawun ko ki danna wani link ki sa lambar katinki. Kada ki tura ko sisi. Kuɗin kwastam ko na gidan waya a kantar ofishinsu ake biya a ba ki rasit, ba a akawun ɗin wani mutum ba.

Ki kai kayan da rana tsaka kafin a fara lodin yamma don ki samu mai rubutu bai shiga hayaniya ba, kuma ki tura su ana saura kamar sati biyu biki, kada ki bari sai ana gobe kai lefe. Da zarar an rubuta ki tura wa mai karɓa hoton webil ɗin, shi zai nuna a can kafin a ba shi. Allah ya kai su lafiya, ya sanya alheri a bikin.