Hattara da masu "sabon maganin sammore" a kwalba marar takarda

Makiyaya da duk mai ajiye shanu, ku ji wannan tun bai iso garkenku ba. Akwai wata damfara da ke yawo, wasu na bi garke-garke da jaka a kafaɗa, wasu kuma ta WhatsApp da bidiyon saniya ta miƙe tana cin ciyawa. Bakinsu ɗaya: wai sammoren yanzu ya daina jin Berenil da Samorin, amma su sun samo sabon haɗi daga waje, allura ɗaya ta gama da sammore da ciwon kaska da tsutsar ciki. A garken yayana aka yi mana, don haka ba jita-jita nake kawo muku ba.

Shanu shida ne suka rame mana. Gashi ya tashi, ido na zubar da hawaye, kaluluwar gaban kafaɗa ta kumbura, in ka ja fatar ido ƙasa sai ka gan ta fari fat, babu jini. An yi musu diminazene, wato Berenil, sau ɗaya, suka ɗan farfaɗo, suka koma gidan jiya. Ana cikin haka mutumin ya ɓullo. Ko saniya ɗaya bai taɓa ba, daga nesa ya dube su ya ce, "Alhaji, ai wannan ƙwayar ta riga ta saba da maganinku, ko buhu guda ka ɗura mata ba za ta ji ba." Sai ya zaro kwalba mai ruwa rawaya, an riga an dama, babu sunan kamfani, babu lamba, babu ranar lalacewa. Yaya ya tambaye shi nawa ake yi wa kowace, ya ce sirinji ɗaya ne, babba da ƙarami. Tun a nan ya kamata mu farga, amma wanda yake kallon dukiyarsa tana zagwanyewa ba ya dogon lissafi.

Kwana uku sai ga zazzaɓi ya sauka, shanu sun kama kiwo, har muka yi ta sa masa albarka. Kafin mako uku ya cika suka sake zubewa, biyu suka kwanta, mai ciki ɗaya ta yi ɓari. Da Yaya ya kira shi, ko gezau bai yi ba. Cewa ya yi namu sammoren mai taurin kai ne sosai, sai an yi "lamba biyu", wadda ta fi ta farko tsada.

A nan ne muka nemi likitan dabbobi. Ya ɗebi jini a jijiyar kunne, ya duba a madubin likita, ga ƙwayoyin nan suna wutsil-wutsil a tsakanin ƙwayoyin jini. Ya ɗaga kwalbar ya kalla a rana ya ce duk alamu na diminazene ne da aka cika wa ruwa. Ya nuna mana abin da ke rubuce a ƙunshin gaske, wanda mun daɗe muna saye ba mu taɓa karantawa ba: ƙunshi mai giram 2.36, maganin da ke cikinsa giram 1.05 ne, ragowar antipyrine ce mai sauke zazzaɓi. Ana yin miligiram 3.5 a kowane kilo, wato ƙunshi ɗaya na saniya ɗaya ce mai kilo 300. In mutum ya raba shi wa shanu uku ko huɗu, zafin jiki zai iya sauka, ƙwayoyin su ragu na ɗan lokaci, mai garke ya ga kamar an warke. Kuma da zarar an dama shi, kwanaki kaɗan yake yi ya fara rasa ƙarfi, balle wanda ya sha rana a jaka.

Abin da ya sa ƙaryar take shiga shi ne, an ɗora ta a kan gaskiya. Ƙwayar sammore tana bijire wa magani, an tabbatar da haka a ƙasashen Afirka da dama. Amma sabon magani ɗin ne babu shi a hannun kowa. Diminazene ya fito a 1955, isometamidium, wato Samorin ko Trypamidium, a 1961, wani maganin mai suna homidium ma ya riga su. Da su ake ta fama har yau, shekara sittin da ɗoriya. Wanda duk ya ce yana da sabo a aljihu, tsohon ne ya sake wa kwalba, ko kuma ba magani ba ne sam.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne. Maganin da bai kai ƙima ba yana kashe raunanan ƙwayoyi ne ya bar masu juriya, waɗanda maganin bai cika ratsa jikinsu ba. Su ne za su hayayyafa su cika jini. Tsando, ƙudan da ke yaɗa sammore, ya ciji wannan saniya, ya kai su garken maƙwabci, wanda bai taɓa ganin mai kwalbar ba. Wato cutar da ya ce ya zo magancewa, shi yake shuka ta, sannan ya dawo ya sayar da "lamba biyu". Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Maganar allura ɗaya ta gama da komai ma shirme ce. Diminazene yana taɓa sammore da babesiya, ciwon kaskar nan mai sa fitsarin jini, amma ba ya kashe tsutsar ciki, kuma sauran cututtukan kaska kowace da nata maganin. Ga shi yana iya zama guba ga raƙumi da kare, don haka kada ku yarda in mai kwalbar ya ce muku ya dace da kowace dabba.

Likitan ya kuma ja mana kunne cewa ba duk dawowar ciwo ba ce bijirewa. Sau da yawa nauyin saniyar aka rage da ido, ko maganin jabu ne, ko tsando ne ya sake cizo, domin kariyar diminazene ba ta daɗewa. Mu kanmu da aka zagaya ƙirjin babban san da tef, nauyinsa ya haura abin da muka ƙiyasta nesa ba kusa ba, ashe allurarmu ta farko ma ba ta kai ba. Hanyar ganewa ita ce a yi cikakken magani na gaske, a sake duba jini bayan kwana 14. In ƙwayar tana nan, likita ne zai sauya zuwa ɗayan maganin, ba a ninka na farko da ka ba.

Kada ku karɓi maganin da aka dama ba a gabanku ba, ko garin da aka ƙulla a leda. Ƙunshi ya zo a rufe, da sunan kamfani da lambar rajista da ranar lalacewa, ku kuma ajiye fankon bayan an yi amfani da shi. In kun riga kun saya, ku kai ragowar ga likitan dabbobi ko hukumar kula da magunguna ta ƙasarku, kada ku zubar.

Huɗu daga cikin namu sun tashi, biyu mun rasa su. Lambar mutumin ta daina shiga, amma an ce mana an ga irin kwalbar a wani garke, wannan karon ruwan cikinta ja ne, kalar Samorin.