Hattara da wata mai tallar man habbatus sauda a WhatsApp

Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Naira 45,000 wata mata ta cinye min a kan man habbatus sauda, dubu arba'in da biyar a wannan marra da ake ciki!

Kuma kar wani ya zo min da zancen wai ban yi bincike ba. Ni na san habbatus sauda, tun muna yara Hajiyarmu take daka ta ta gauraya da zuma in tari ya kama mu, har a kan burodin da nake gasawa ina barbaɗa ta. Na san man gaskiya yana da ɗaci, yana yi maka yaji a maƙogwaro kamar ka lashi masoro, kana buɗe kwalba ƙamshinsa zai buge ka. Duk na tambaye ta wannan, ta ce "Hajiya ki kwantar da hankalinki, na Habasha ne, ba a surka shi da komai ba, ni da Allah nake sana'a." Wannan maganar ce take ta dawo min a kai, ni da Allah nake sana'a. Kullum status ɗinta hadisin nan na Bukhari ne, cewa habbatus sauda waraka ce daga kowace cuta sai mutuwa, to mace tana ɗora maganar Annabi (SAW) safe da yamma wa zai kawo mata cuta a ransa?

Da kayan suka iso tasha, kai tun kafin nan ma, ai sai da ta aiko min da ɗan samfur a ƙaramar kwalba kuma wallahi mai kyau ne, na ɗanɗana da bakina, shi ya sa na tura kuɗin gaba ɗaya, 45,000 har da kuɗin mota. Manyan kwalaben kuwa man gyaɗa ne aka zuba wa kala, ba ɗaci ba yaji, baƙin ma ya kwanta a gindin kwalba. Ƙwayar da ta ce ta ƙara min kyauta, rabinta baƙin riɗi ne, na murza a tafin hannu ko ƙamshi babu. Kuma Hajiyarmu na saya wa, tsohuwa mai fama da ƙirji, da ban buɗe na duba ba shi za ta yi ta sha da asuba.

Na kira ta ce yaron shago ne ya yi kuskure za ta canza min, daga nan sai buloki. Lambar ma yanzu a kashe. Ina da rasit ɗin tiransifa, ina da muryarta inda take rantsuwa, duk zan ɗora su ku gani da idonku, kuma 45,000 ɗina ban yafe ba har gaban Allah.

Kar ku yarda da samfur. Ku je kanti da ƙafarku, a buɗe kwalbar da za ku saya ku ɗanɗana, sannan ku biya.