Lambobin rukunin finafinai na Netflix: amfaninsu ga ɗalibin nazarin fim

Bayan na gwada tsarin rukunai na Netflix wajen haɗa samfurin finafinan nazari, ra'ayina shi ne ya ƙware wajen tattaro finafinai, amma ba zai koya maka mene ne nau'in fim ba.

Abin da shafin farko ke nunawa kaɗan ne. Sauran rukunan suna ɓoye a bayan lambobi. Ka shiga asusunka ta kwamfuta, ka rubuta netflix.com/browse/genre/ sannan ka ƙara lambar: 8711 na finafinan ban tsoro, 6548 na barkwanci, 7700 na kaboyi, 13335 na masu waƙa da rawa, 10463 na Indiya. A 2014 ɗan jarida Alexis Madrigal ya ƙirga ƙananan rukunai 76,897 a tsarin. Idan wata lamba ta kawo maka finafinai biyu ko uku kacal, lasisin nunawa ne ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne ɗaukar kowace lamba a matsayin nau'i. Misali, Indiya ƙasa ce, ba nau'in fim ba. A cikin fim ɗin Indiya guda za ka tarar da soyayya da faɗa da barkwanci da waƙa, abin da su can suke kira masala, kuma finafinan Kannywood na soyayya sun ɗebi da yawa daga wannan salon. An yi rukunan ne domin mai kallo ya samu abin da zai danna, shi ya sa ƙasa da zamani da yanayin labari duk suka cakuɗe wuri ɗaya.

Hanyar da ta fi ba da sakamako ita ce wadda ta dogara da tsarin da masanin nazarin fim Rick Altman ya kawo a 1984. Zaɓi lamba ɗaya, ka ɗauki finafinai goma. A shafi na farko na takardarka ka rubuta abin da ido ke gani: a na kaboyi, doki da bindiga da hula da ƙaramin gari a bakin daji. A na biyu ka rubuta yadda aka ɗaura su, wato rikicin doka da rashin doka, da baƙon da ke zuwa ya gyara gari ya wuce. Wannan shafi na biyun shi ne mai wuya, domin sai an kalli fim har ƙarshe, kuma a nan ne za ka gane cewa wani fim ɗin hular kaboyi kawai ya aro, ƙashin bayansa na soyayya ne.

Ka rubuta ranar da ka ɗauki samfurin, domin finafinai suna shiga suna fita kowane wata.