Jim mai esi da madubai, amma sandarsu ba ta jure kilo 180

Wanda yake neman wajen gudu a kan inji da ɗaukar hoto gaban madubi, wannan sabon jim ɗin, wato wajen motsa jiki, da ke saman bene a ɗaya daga cikin filazojin nan na Kano zai yi masa. Akwai esi, akwai sola, ko an ɗauke wuta ba ka sani ba. Amma mai dedlif da gaske, wato ɗaga sanda mai faifan nauyi daga ƙasa har a miƙe tsaye, wanda ya wuce kilo 140, ya tsaya ya karanta kafin ya biya kuɗin wata uku, don in kuɗi ya shiga hannunsu ba ya dawowa.

Sandar ce ta fara ba ni haushi. Sandar ɗaga nauyi ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, kaurin wajen riƙo milimita 28 zuwa 29, bakunan da ake zura faifai kuma milimita 50. Ƙarfenta mai ƙwari ne, yana lanƙwasa in an ɗora masa nauyi, yana komawa daidai in an sauke. Tasu a ido haka take, har ta fi ta kirki ƙyalli. Sai ka leƙa ƙarshenta ka ga ƙaton kan noti a tsakiya, wanda shi ne alamar sandar araha, domin masu kyau da zobe ake kulle bakinsu daga ciki. Faifai huɗu na kilo 20 a kowane gefe, da sandar kanta, kilo 180 ke nan. Da wannan nauyin ta tashi daga ƙasa, ta lanƙwashe, aka ajiye, aka zare faifan, ba ta miƙe ba. Ka mirgina ta a ƙasa ka ga bakunanta suna sama suna ƙasa kamar tayar keken da ta sha rami.

Wani zai ce ai ɗan lanƙwasa ne, me zai hana a ci gaba? Sandar da ta karkace ba ta zama yadda ka riƙe ta. Da zarar nauyi ya bar ƙasa, sai ta juya da kanta tana neman inda cikinta zai kwanta, kuma a cikin tafin hannunka take wannan juyin. Yatsu su buɗe, nauyi ya koma gefe ɗaya. Mai riƙon gauraye, wato hannu ɗaya kife ɗaya a buɗe, shi ya fi shiga haɗari, domin da ya ji tana zamewa zai tanƙwara gwiwar hannun da ke buɗe ya tare ta, kuma ta nan ne jijiyar damtse take tsinkewa.

Abin da ya fi lanƙwashewar ciwo shi ne yadda manaja ya ɗauki maganar. Bai ce sandar ba ta da kyau ba, cewa ya yi an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Washegari sai ga takarda a bango: kada kowa ya wuce faifai uku a gefe, kada kuma a ji ƙarar ƙarfe a ƙasa, saboda mai shagon da ke ƙasansu yana ƙorafi. Kilo 140 ke nan iyaka, a wajen da aka tallata da sunan ɗaga nauyi. Tun 2016 zakaran ɗaga nauyi Eddie Hall ya yi dedlif na kilo 500 a Ingila, babu wanda ya ce mu nan za mu kai can, amma 180 nauyin da matashi mai naci yake kaiwa ne, ba abin da za a kafa wa doka ba. Shi kuma saukewa a hankali don kada ƙasa ta ji, yana iya wahalar da ƙugu. Yadda ake yi, ka tura ɗuwawu baya, sanda ta bi cinya ta wuce gwiwa, ka raka ta ƙasa da sauri hannuwanka na kanta. Dole ta yi ƙara. In ba a son ƙara, daɓen ake gyarawa.

Daɓen nasu tayil ne, an shimfiɗa masa tabarmar soso mai haɗe-haɗe irin ta ɗakin yara. Ƙafa tana nutsewa a ciki, diddige yana rawa, ƙarfin da ya kamata ya tafi ƙasa ya ɓace a soso. Gyaran kuma ba wani abu ba ne: filawud biyu masu kaurin milimita 18, irin mai ƙafa 8 da 4 ɗin nan da kowane kafinta ya sani, a ɗora ɗaya kan ɗaya a ɗaure da sukurori, a sa katako a tsakiya inda ake tsayawa, roba mai kaurin kusan santimita 2 a gefe biyu inda faifai yake sauka. Yawo ɗaya a Ƙofar Ruwa da 'yan katako ya isa a haɗa kayan. Kuɗinsa bai kai na madubi ɗaya daga cikin waɗanda suka jera ba.

Faifan ma da magana. Na ƙa'ida faɗinsa santimita 45 ne, shi ke sa tsakiyar sanda ta tashi santimita 22 da rabi daga ƙasa. Nasu kashi biyu ne. Akwai ƙanana da ba su kai faɗin ba, sai ka sunkuya fiye da kima, bayan wanda bai da sassaucin cinya ya yi doro tun kafin ya ja. Akwai kuma masu kusurwa goma sha biyu, waɗanda in ka ajiye sai su faɗa kan kusurwa su mirgina, ko su daki ƙwauri ko su gudu gaba, kowane ɗagawa sai ka sake gyara tsayuwa. An kai biyu masu tambarin 20 kan sikelin mai gas na maƙwabta, kusan kilo biyu ne tsakaninsu.

Gaskiya dai, ba duka ne ya lalace ba. Kocin safe ya san aikinsa, kuma shi kaɗai ya sa na fasa tafiya a makon. Na ga yadda yake tsayar da sabon shiga: sanda a saman tsakiyar ƙafa, yatsa biyu tsakaninta da ƙwauri, a riƙe ta dab da wajen gwiwa, a cika ciki da iska a ƙulle, a ja ta kaɗan har a ji ƙas ɗin nan na sanda ta taɓa faifai, sannan a tura ƙasa da ƙafa. Ba ya barin kowa ya fizga. Ba ya kuma barin yaro ya ɗaure bel tun daga ɗumama jiki, sai an kusa nauyin aiki. Shi ya matsa wa mai wajen har aka sayo sabuwar sanda, mai kaushin riƙo na gaske, ba ta da noti a baki. Ranar da ta iso na ce to, an gyara.

Ashe da sauran rina a kaba. Sandar ɗaya ce tal, kuma daga bayan la'asar zuwa isha layi ake yi a kanta. Masu ɗaga damtse su ɗauke ta, wani ya cusa bakinta a lungun bango yana jujjuyawa, wani ya bar ta a kan maratayi da faifai a jiki har safe. A haka ita ma ba za ta daɗe ba. Takardar faifai uku tana nan a bango ba a cire ba, wai sai an yi magana da mai shagon ƙasa. Alli kuma haramun ne, don yana ɓata tabarma. A Kano, inda zafin Afrilu yake kaiwa digiri 40, esi ba ya hana tafin hannu jiƙewa. Ba allin makaranta ake nufi ba, garin magnesiyam ne mai shan gumi, akwai ma na ruwa wanda ba ya tashi, shi ma sun ƙi. Suka ce a sa safar hannu, alhali safa ƙara wa sanda kauri take yi, riƙo ya ƙara wuya. Ƙananan faifai na kilo 1.25 da 2.5 babu, mafi ƙanƙanta 5 ne, wato duk ƙari sai kilo 10 a lokaci guda. Wanda ya maƙale a 130 ba shi da hanyar zuwa 132.5.

Filayen unguwa da ake ɗaga filawul ɗin mota da siminti sun fi su ta fuska ɗaya, ƙasa ce tsurarta, ka saki ƙarfe ba mai cewa uffan. Sai dai a can ba ka san nauyin da kake ɗagawa ba, sandar kuma sau da yawa ƙarfen walda ne da bakinsa ba ya juyawa.

Duk wanda zai duba wani wajen, ya biya na yini ɗaya tukuna, ya je da yamma lokacin cunkoso, da tef ɗin awo a aljihu. Ya nemi na ƙasa, ba na saman bene ba. Ya mirgina sandar, ya auna faifan, ya tambayi maganar alli da ta ƙara kafin ya ciro kuɗi. Ni dai sauran kwanakin da na biya zan cinye su da safe wajen kocin nan, da nauyin da bai wuce dokarsu ba, ranar nauyi kuma sai wani wuri. Sabunta rajista kam babu.